Rigar Baibai ta Kakana

Kakana na wajen uwa ya rasu da hantsin wata Talata, ana tsakiyar zuba ido ga ruwan shuka. Duk wanda ya shigo gidan ya faɗi abin da ake faɗa, cewa daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Abin da aka riƙa ƙarawa a bayan wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, don na ga in na yi shiru, nan da 'yan shekaru ba abin da za a tuna game da shi sai cewa an yi wani tsoho a garinmu da bai iya sa riga daidai ba.

Ina cikin gida kusa da Inna, matarsa, muna karɓar gaisuwa, kunnena kuwa yana ɗaukar abin da ba don ni aka faɗa ba. Wata maƙwabciya ta ce mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. Wata ta rage murya ta ce ai tun shekarar farin nan kansa ya ɗan taɓu, Allah dai Ya sa ciwon ya zama kaffara. Wata amarya da aka kawo garin ba da daɗewa ba ta tambayi ta kusa da ita ko asiri ne ya sha wanda ya hana shi sa riga ta fuskarta. Na so in tanka, Inna ta dafa mini gwiwa, na haɗiye.

Can da azahar matan rugar Arɗo suka shigo a jere, kowace da ƙwaryar nono. Suka sauke a ƙofar ɗakin Inna, suka zauna, suka yi kukansu ba tare da dogon bayani ba. Babbarsu ce kawai ta yi magana, ta ce yau rijiyarsu ta rufe. Daga waje kuma Kawu, babban ɗan marigayin, ya kawo labarin cewa Liman ya ce bai taɓa gamuwa da wanda ya gajiyar da shi da tambaya kamar wannan bawan Allah ba, kuma yanzu bai san wa zai riƙa tilasta masa buɗe littafi ba.

Abin da ya fi shiga bakin mutane shi ne Mai gari. Ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ana idarwa ya kama hanyar gida bai zauna zaman makoki ba. Shi da Kaka kuwa rana ɗaya aka yi musu kaciya, da allo ɗaya suka yi karatu a makaranta. Kowa ya san abin da ya shiga tsakaninsu, amma kowa da irin yadda yake ba da labarin. Ga nawa, ni jikarsa, wadda ta fi kowa yi masa tsiya a kan rigar nan.

Kaka manomi ne da damina, maɗinkin manyan riguna ne da rani. Aikin hannu yake yi, da allura da zaren alharini, yana zaune a zaure ya miƙe ƙafa ɗaya. Yana da wata ɗabi'a da ke ɓata wa masu kwalliya rai: in ka nuna masa sabuwar riga, ba ya kallon ƙirjinta, sai ya kama bakin wuyan ya juya ya leƙa bayan aikin. Yakan ce fuska ta mai saye ce, baya kuwa na maɗinki ne, a nan ake ganin inda ya yi ha'inci. Rigarsa ta ji da kai ita ce wata ta saƙi mai aska biyu, da koren alharini, wadda ya ɗinka wa kansa a tsawon rani guda. In ya sa ta ranar Juma'a har tafiyarsa takan sauya, ni kuma in bi shi da guɗa ina cewa angona ya fito.

Sai aka yi farin nan na farkon shekarun tamanin. Ina 'yammata a lokacin, ina makarantar horon malamai, na dawo hutu na tarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Rijiyoyin gari suka koma ba da laka. Ruwan da ya rage mana shi ne na Tafkin Ɗinya, can bakin fadama ta hanyar Ɗansoshiya. Ba wanda ya taɓa ganin ƙasan tafkin nan. Mata na ɗiba ta gabas, shanu na sha ta yamma, haka aka gada, ba wanda ya rubuta.

A tsakiyar wannan hali wata mota ta zo da wani mai hali daga birni, da takarda a hannunsa. Kafin a ankara an kafa turaku, an zagaye tafkin da waya mai ƙaya, an dasa injin ban ruwa da 'ya'yan mangwaro. Aka ce hukuma ta ba shi filin don bunƙasa noman rani, Mai gari kuma ya dangwala yatsa a matsayin shaida. Mata suka koma tafiya mai nisa da tulu, Arɗo ya fara asarar maruƙa. Kaka ya tafi ƙofar Mai gari ya tambaye shi yadda aka yi. Mai gari ya ce shi ba shi da ta cewa, daga sama aka zo da takardar.

"Ruwa ma daga sama yake zuwa, aboki," in ji Kaka, "amma ban taɓa ganin ya zo da waya ba."

Bayan 'yan kwanaki aka yi shela za a fita roƙon ruwa. Duk gari ya fita bayan gari da safe, maza da mata da yara, har da awaki, kowa da tsofaffin kaya. Kaka kaɗai ya sa rigarsa ta ji da kai, ya ce gaban Sarkin sarakuna za shi. Liman ya yi huɗuba mai sa kuka. Ya ce kafin a roƙi ruwa sai an tuba, sai kuma wanda ya danne haƙƙin wani ya mayar masa, babba ne ko yaro, don sama ba ta buɗewa a kan zalunci. Sannan ya juya mayafinsa, maza duka suka tuɓe riguna suka sa su baibai kamar yadda aka saba, alamar ana roƙon Allah Ya juya halin da ake ciki. Aka shafa, aka watse. Kowa ya isa gida ya mayar da rigarsa daidai, ban da mutum ɗaya.

Da farko mun ɗauka mantuwa ce. Inna ta ce masa, Malam, rigarka. Ya ce ya sani. Washegari ya sa wata rigar, ita ma baibai. Ran Juma'a Liman ya ja shi gefe ya gaya masa cewa juyin riga na wurin roƙo ne kawai, da an dawo gida ya ƙare. Kaka ya tambaye shi ko shi ne ya ce sai an mayar da haƙƙi, Liman ya ce shi ne. Ya tambaye shi ko an mayar. Sai Kaka ya ɗora da cewa:

"To ni ban tashi daga wurin roƙon ba tukuna, Malam. Ran da aka cire waya daga tafki, ranar zan shafa addu'ata in juya rigata."

Abin da ya rikita lissafin shi ne, ruwa ya sauka bayan 'yan kwanaki, ruwa mai kyau kuwa. Mutane suka yi ta zolayarsa, ga ruwa ya zo, sai a juya riga. Ya ce wannan ba namu ba ne, albarkacin dabbobi ne, su da aka hana sha, mu mun ci arziki ne kawai. Kuma ya ce a jira a gani ko daminar za ta kai. Ba ta kai ba, ruwan ya ɗauke dawa tana cikin fitar da kai.

Daga nan rigar ta zama shi, shi ya zama rigar. Yara suka yi ta binsa har suka gaji. Aljihun babbar riga a ƙirjin hagu yake, da ya juya ta sai ya koma ciki ta dama, in zai ɗauko goro sai ya zura hannu ta wuya kamar mai sosa ƙaiƙayi. Ya taɓa ba mu labari yana dariya har da hawaye, wai a kasuwar Kwanar Dangora wani ɗan sane ya bi shi tun daga 'yan hatsi har tasha yana lalubensa, ya rasa inda aljihu yake, a ƙarshe Kaka ya juya ya ce masa ya yi haƙuri, gidan ya koma bayan layi.

Bai taɓa zagin Mai gari ba, ko a bayan idonsa. Duk Juma'a zai je ya durƙusa ya gaishe shi da cikakkiyar gaisuwa, ya ce ranka ya daɗe, sannan ya nemi wurin da idon Mai gari ba zai kauce masa ba ya zauna. Wata Sallah Mai gari ya aiko masa da sabuwar riga ta shadda, yana tsammanin kunya za ta sa ya sa ta daidai. Kaka ya yi murna, ya yaba ɗinkin, ya sa ta baibai, ya tafi har gida yin godiya. Tun daga ranar Mai gari ya daina aike, ya kuma daina ɗaga ido in an zo gaisuwa.

Masu cewa kansa ya taɓu ba su zauna da shi ba. Ni ban taɓa ganin mutum mai son sanin dalilin abu kamarsa ba. Maganarsa kullum ita ce ruwa ba ya tsami banza. Tafki ya san wanda ya rufe shi, amma wa ya rufe sama? Ya lura shamuwa tana zuwa a kan lokacinta ta yi sheƙa, ruwa kuwa ya ƙi biyo ta, har yana cewa tsuntsuwar da ba ta taɓa ƙarya ba an mayar da ita maƙaryaciya. Farfarar dawar da ya gada wurin ubansa, mai son doguwar damina, ta daina nuna, dole ya koma wa iri mai saurin yi wanda ya ce tuwonsa ba ya kwana a ciki. Ranar kasuwa yakan zauna a tasha ya sayi rake ya raba wa direbobi, ba don komai ba sai don ya tambaye su ina suka baro ruwa. Na Zariya ya faɗi nasa, na Doguwa ya ce can gindin duwatsu ma rafukan da ba sa ƙafewa sun fara yankewa da rani. Arɗo kuma ya gaya masa gamba tana ƙarewa a daji, baƙin shanu daga arewa suna ƙaruwa kowace shekara. Ya dawo gida ya baje duk wannan a gaban Inna, ita tana ta tankaɗenta.

Ba kullum yake dacewa ba. Ya yi shekara guda yana zargin kwalta, wai zafinta ne ke korar hadari, har sai da wani direba ya tuna masa cewa garuruwan da ba su taɓa ganin kwalta ba sun fi mu shan fari. Ya karɓi gyaran nan take, ya ƙara wa direban rake. Abin da ba ya karɓa shi ne a ce masa haka Allah Ya so a yi shiru. Yakan ce ya yarda, ciwon ciki ma Allah ne Ya so, amma ana tambayar mutum me ya ci.

A wannan tsakanin ne ya yi abin da ya haɗa shi faɗa da Kawu. Muna da rijiya a garkar bayan gida inda ake dasa rogo. Kaka ya sayar da akuyoyinsa ya sa aka ƙara mata zurfi, sannan ya sare danga ta ɓangaren daji don matan ruga su riƙa shigowa da maruƙa. Maruƙa kuwa ba su san rogon mai kyauta ba, suka cinye shi tas. Kawu ya yi tsalle ya dire, ya ce gidan nan ba a ƙoshi ba ake ciyar da shanun wasu, kuma in hukuma ta ƙwace tafki ai hukuma za a bi, ba rogonsa ba. Kaka ya ce gaskiyarsa, bin hukumar yake yi, ga riga ma a jikinsa, amma maraƙi ba zai jira shari'a ba. Sun yi wata ba sa cin tuwo tare. Dangar dai ba a mayar ba har yau.

Ni ma na samu rabona. Da aka sa ranar aurena, shi ne zai ba da ni, don mahaifina ya rasu tun ina goye. Dangin mijina mutanen Bebeji ne, masu ji da kansu, na san abin da za su koma suna faɗa. Na same shi a zaure na yi wasan, na yi roƙon, na yi kukan. Na ce yini ɗaya tak, angona, ko awa ɗaya, a ɗaura ka mayar da abarka. Ya ajiye allura. Ya ce in ya juya don ni, gobe zai juya don suna, jibi don Sallah, daga nan Mai gari zai samu barci. Ya wakilta Kawu, shi kuma ya zauna can ƙarshen tabarma a cikin sauran jama'a, da rigarsa yadda take. Hular da mijina ya sa a ranar shi ya ɗinka ta, ba a taɓa ganin irinta a garin ba. Na yi fushi da shi har na haihu, kuma ko yanzu da nake hawayensa ban ce awa ɗayan nan za ta kashe shi ba.

Bayan na fara koyarwa ya daina ce mini amarya ya koma ce mini Malama, da wata irin murya da ke nuna jarrabawa na tafe. Wata ranar Asabar na kawo masa yarana, na tarar da shi a gindin darbejiya da rediyo a kunne, ko gaisuwata bai amsa da kyau ba. Ya ce in zauna, ya ji wani abu. Wai an ce masana sun gano duniya tana ƙara zafi, kuma hayaƙin masana'antu da motoci na manyan ƙasashe ne ke taruwa a sama yana rikita damina har a wuraren da ba su san an yi ba. Ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce haka mu ma muke ji, haka kuma na karanta.

Wannan rana ban ga tsoho mai farin ciki kamarsa ba, kai ka ce ɓatacciyar akuyarsa ce ta dawo da 'ya'ya. Ya yi ta jero tambayoyi. Hayaƙin yana da nauyi ne da ba ya wucewa? Me ya sa bai tsaya a kan masu shi ba? In an daina yau, yaushe sama za ta washe? Rabin tambayoyin ban san amsarsu ba, na kuma gaya masa ban sani ba. Ya leƙa cikin gida ya ga hayaƙin murhu yana tashi, ya ce wa Inna ta rage itace. Inna ta ce in hayaƙin tuwonta ne ya hana ruwa, to yau sai ya kwana da yunwa a ga ko za a yi ambaliya.

Sai Kaka ya shiga abin da ya fi iyawa, wato auna babban abu da ƙaramin da ya sani. Ya ce yana saurayi an kai wata mai gasa tukwane gaban alƙali saboda hayaƙinta yana shiga ɗakin maƙwabcinta mai tari. Ta ce a cikin gidanta take wutarta. Alƙali ya ce wutar tata ce, amma hayaƙin ya zama na maƙwabci, don haka ko ta matsar da ramin ko ta biya shi magani. Ya ce to ga ƙasashe sun hura wuta a gidajensu, hayaƙi ya shigo gonarsa ya kashe masa farfara.

"Wane alƙali ne ke yi wa ƙasa da ƙasa shari'a, Malama? Ina yake zama?"

Na ce akwai majalisa inda ƙasashen duniya ke taruwa, kuma an ce sun zauna a kan wannan magana har sun sa hannu a takarda. Ya yi wata 'yar dariya ya ce Mai gari ma ya sa hannu. Abin da yake son ji shi ne, a cikin shugabannin da suka taru, wa ya miƙe ya ce ni na ci haƙƙin mutanen nan, ga shi na mayar. Wa ya juya rigarsa? Na ce ban ji an faɗa ba. Ya ce to su ma irin roƙon ruwanmu suka yi, an yi huɗuba mai kyau an watse.

Tun daga ranar maganarsa ta faɗaɗa. Yakan ce ruwan sha da damina ba kyauta ba ce da mai mulki ke yi wa talaka in ya ga dama, amana ce a wuyansa. Wanda ya san ƙofar gidanka ranar haraji, ya kamata ya san ta ranar fari. Kuma babba ba ya fita daga haƙƙi don ya ce daga sama aka aiko, ko don wanda ya cuta yana nesa bai san sunansa ba. Na taɓa tsokanarsa na ce yanzu rigar ta tafki ce ko ta Turawa. Ya ce ta tafki ce, shi bai yi alkawarin abin da ya fi ƙarfin idonsa ba, amma in na ga hanyar aika musu da ita in gaya masa.

Shekara goma da ɗoriya ya yi a haka. Mangwaron mai hali ya girma ya yi 'ya'ya, tafkin ya ja baya har ana ganin ƙasansa da bazara, wayar ta yi tsatsa aka sake sabuwa. Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ranar da na je duba shi na ƙarshe ya sa an fito da shi inuwa, yana kallon gabas. Ya tambaye ni ko shamuwa ta zo, na ce ta zo. Ya ce Allah Ya sa bana ta yi gaskiya. Na ce, angona, ka yafe wa Mai gari. Ya ce shi ai tuntuni ya yafe nasa, amma na mata da maruƙa ba shi aka ba ajiya ba balle ya yafe.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an watse, muka zauna a ƙofar ɗakin Inna ana fitar da kayansa. Kawu ya ɗauko rigar saƙin nan, wadda tun ranar roƙon ruwa ba ya sa ta sai Juma'a da Sallah. Bayanta ya koɗe ya yi fari-fari, duk ƙulle-ƙullen zare a waje. Kawu ya miƙo mini ya ce in juya ta daidai a ba Liman sadaka, maganar nan ta bi mai ita. Na zura hannu na ɗan buɗe wuyan na leƙa. Aikin yana nan kore shar kamar jiya aka sauke allura, tun ranar roƙon ruwa rana ba ta sake ganinsa ba. Na fasa juya ta. In na juya ta, na shafa addu'ar da shi ya ƙi shafawa, waya kuwa tana nan.

Muna cikin haka aka yi sallama, aka ce Mai gari ne zai shigo yi wa Inna gaisuwa. Ya shigo da sanda, ya tsufa fiye da yadda nake zato. Ya tsuguna daga nesa ya yi ta'aziyya, Inna ta amsa daga cikin ɗaki. Sai idonsa ya sauka a kan abin da ke cinyata. Ya tambayi Kawu wa aka ba, Kawu ya ce ta Liman ce, yanzu za a gyara ta.

"Kada a gyara. Ku ba ni ita yadda take, in Liman ya yarda."

Inna ce ta yi magana daga ciki, ta ce in ba shi. Na tashi na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya jingine sandarsa, ya cire rawani, ya tuɓe tasa rigar ya ba Kawu ya ce a kai wa Liman a madadin waccan. Sannan ya zura ta Kaka, baibai, ƙulle-ƙullen zare a ƙirjinsa. Ya lalubi aljihu ta hagu bai samu ba, na ce masa, ranka ya daɗe, ta ciki ne, ta dama. Ya gyaɗa kai.

Ya ce wa Kawu gobe da safe za shi wurin Hakimi, daga can ya wuce sakatariya, ya faɗa da bakinsa cewa ranar da ya dangwala yatsa ya san tafkin na jama'a ne, ba a kuma tambayi kowa ba. Kawu ya ce ana iya tuɓe masa rawani a kan wannan. Ya ce ya sani, shekara nawa yana lissafin haka duk Juma'a. Ya ɗauki sandarsa ya fita ta zaure, inda sauran masu gaisuwa ke zaune, muka ji hirarsu ta yanke.

Ban san yadda za ta ƙare ba. Yau da nake wannan rubutu waya tana nan, an ce maganar tana gaban hukuma, ruwan shuka kuma ya sauka a makare kamar bara. Tambayar da Kaka ya yi mini a gindin darbejiya har yanzu ban samo amsarta ba, ina dai yi wa 'yan ajina ita ko Allah zai sa wani cikinsu ya gano inda alƙalin yake zama. Amma wanda duk ya bi ta tashar Kwanar Dangora a 'yan kwanakin nan ya ga wani tsoho da rawani yana jiran mota da riga baibai, kada ya ce kansa ya taɓu. Rigar kakana ce, ta bar wuyan wanda aka cuta ta koma wuyan wanda ya sa hannu.

Allah Ya jiƙan angona, Ya shayar da shi daga tafkin da ba a kewaye shi da waya. Mu kuma da ya bari a wurin roƙo, Allah Ya nuna mana ranar da za a juya ta.